Dabbobi Tara a Bayan Fatar Akuya

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ina zaune a kan buhu a siton da muke tsintar zoɓorodo a Sharaɗa, sai mai gadi ya leƙo ya ce ana sallama da ni a bakin get. Ba a shiga wurin aiki da waya, saboda haka duk mai nemana sai ya zo da ƙafarsa. Na tashi ina tsaki. Sati shida ke nan duk wanda ya zo get nemana, maganar Yankari ce ta kawo shi. Maigidana ya taɓa aiko mai keke tun daga Challawa don kawai a tambaye ni ko ina amai a mota.

Na tarar da abokin aikinsa, wanda suke tebur ɗaya a kamfanin fata. Ban bari ya gama gaisuwa ba na ce, "Malam, ka ce masa na ji. Ba na ce gobe Laraba zan ba shi amsa ba?"

Ya dubi ƙasa. Sai a lokacin na lura da takalmin roba a ƙafarsa, wanda ba sa fita da shi daga kamfani.

"Uwargida, sai haƙuri," ya ce. "Allah ya yi wa Malam rasuwa."

Maigidana ya sha shayi a hutun ƙarfe goma, ya jingina da bango, ya ce bari ya ɗan huta. Bai tashi ba. An yi jana'iza bayan La'asar. Abin da nake tunawa a cikin keken da ya kai ni gida shi ne hannuwana sun yi ja da zoɓo, ina ta goge su da mayafi, kamar wannan ne aikin da ke gabana.

Shekararmu ashirin da uku tare. Aikinsa tantance fata ne. Ana sauke masa fatun awaki da na tumaki a tebur, ya shafa, ya ɗaga a haske, ya ware ta ɗaya da ta biyu da wadda aka ƙi. Da idonsa a rufe yana iya faɗa miki akuyar ta taɓa shiga ƙaya, ko kaska ta dame ta, ko mahaucin yana sauri. Wata rana wani direban babbar mota da ke kawo musu fata daga Bauchi ya nuna masa giwaye a waya, suna tsallaka hanya a cikin dajin Yankari. Ya dawo gida bai ci tuwonsa da kyau ba. Ya ce shi duk rayuwarsa rigar dabba yake gani bayan mai rigar ya tafi, yana so sau ɗaya ya ga babbar fata da mai ita a ciki, tana tafiya da kanta.

Na ce ga gidan zu nan a cikin gari, keke ɗaya zai kai shi ya dawo da shi kafin Magariba. Ya ce waɗannan ai ma'aikata ne irinmu, suna shiga aiki da safe a tashe su da yamma. Shi dabbar da ba ta da sufabaiza yake son gani. Kuma ba shi kaɗai ba, da ni.

Daga nan gidan ya rikice. Ya aro madubin hangen nesa a wurin wani tsohon mai gadi a Bompai, ido ɗaya ne ke aiki, ɗayan an toshe shi da takarda. Ya riƙa hawa katanga yana koyon hange da shanun da ke shan ruwa a bakin kogi, har maƙwabta suka aiko da ƙorafi cikin mutunci. Direban ya gaya masa birai a can suna buɗe kular abinci, sai ya ɗaure kularmu da robar tayar keke, ya ajiye ta a tsakar gida, ya ce in duba agogo, shi zai zama birin. Minti huɗu ya yi yana kokawa da ita. Ya ce bai isa ba, biri ya fi shi yunwa, ya ƙara roba. Ya je wurin liman ya tambaya ko tafiyar kallon dabbobi tana cikin wadda ake ƙasaru. Liman ya ce duban halittar Allah ba laifi ba ne, ya yi ƙasarunsa, kuma in ya ga dorina ya ɗauko masa hotonta. Ya lissafa cewa in muka tashi bayan Asuba ranar Asabar, muka kwana a can, muka juyo Lahadi da hantsi, za mu samu awa uku cur muna kallon daji. Na ce awa uku a kan tafiyar kwana biyu. Ya ce giwa ba ta buƙatar fiye da haka, ba ƙarama ba ce da za a yi ta nema.

Wahalar ita ce Asabar da Lahadi. A kamfaninsu aiki ba ya tsayawa, akwai na safe, na yamma da na dare, hutun kowa kwana ɗaya ne a sati, kuma nasa Alhamis ne. Ofis ba ruwansu da wanda ya tsaya a wuri, muddin akwai mutum. Ma'aikata ne ke musaya a tsakaninsu. Ya nemi wani ya riƙe masa Asabar, wannan ya ce zai riƙe in an sama masa Juma'a ya je ɗaurin auren ƙanensa a Jigawa. Mai Juma'ar ya ce zai bayar in an ba shi Litinin ya kai mahaifiyarsa asibiti. Mai Litinin yana da gyaɗa a gona da ke jiran cira. Haka abin ya yi ta tsawo har ya kai mutum tara, kowa da abin da ya daɗe yana so bai samu ba. Nasa kason ya riga ya yi shi tun kafin lokaci, Alhamis uku a jere bai huta ba. Ban yarda zuciyata ta haɗa wannan da ranar Talata ba, kuma ba na so kowa ya haɗa mini.

Tsarin ya fi ƙarfin a riƙe shi a ka, sai ya kawo wata fatar akuya da aka jeme aka ƙi ta saboda huji biyu, ya zana shi a bayanta da allin da suke sa wa fata lamba. Bai rubuta suna ko ɗaya ba. Kowane mutum ya ba shi dabba, gwargwadon yadda yake ganinsa, ya ja kibiya daga wannan zuwa wancan. Kansa ya zana kunkuru. Ya rataye fatar a ƙusa a ɗakinmu, kuma kullum bayan cin abincin yamma sai ya tsaya a gabanta yana bita kamar mai tilawa: dorina ta ɗauki safiyar Juma'ar jimina, jimina ta tafi Jigawa, gadu ya riƙe wa dorina Litinin. Ina wanke-wanke ina ce masa ya isa. Ban san yana shiga kaina ba.

A gefen kunkurun akwai wata da'ira da ba komai a ciki. Layi biyu ne suka fita daga cikinta. Ɗaya ya hau sama ya shiga cikin dabbobin, ɗaya gajere ne, ya tafi bakin fatar ya tsaya. Na tambaya, ya ce ni ce. In na ce eh, a bi na sama. In na ce a'a, kowa ya koma aikinsa yadda yake, shi ba zai je ya kalli giwa shi kaɗai ba kamar marar gida. Na ce to wace dabba ce ni. Ya ce ba a zana dabba kafin ta fito daga cikin ciyawa, sai na ba da amsa.

"In ka zana mini kura," na ce, "ka nemi inda za ka ci tuwo."

"An riga an ba wani kura," ya ce. "Ke amsa kawai nake jira."

Dalilin da na ba shi na ƙin amsawa gaskiya ne. A sitonmu ba a ɗaukar mutum da takarda. Kullum da safe akwai mata a bakin get suna jira, wadda ba ta zo ba kwana ɗaya, a sa wata a buhunta, shi ke nan. Asabar kuma ranar aiki ce. Amma tun ranar Litinin na riga na gama wannan. Ƙawata da muke zama kusa da juna ta yarda ƙanwarta ta zauna mini ranar Asabar ta tashi ta ba ni wurina. Na kuma sayi takalmin kambas fari a wurin 'yan gwanjo, na tura shi can ƙarƙashin gado. Abin da ya sa na ce sai Laraba, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu. A shekara ashirin da uku bai taɓa neman wani abu a wurina ya zauna yana jira ba. Abin da za a ci, inda yara za su yi makaranta, auren 'yarmu, duk ana yi ne yadda ake yi. Wannan ne karo na farko da kullum yake dubana ya ce, "To, Uwargida, me aka yanke?" Ina jin daɗin tambayar. Na so in ƙara jin ta sau biyu.

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku. Na shiga takaba, yayata ta zo daga Hotoro ta tare a gidan, ita ce ke cewa wa zai shigo wa zai tsaya a zaure. Bayan La'asar mutane sun ragu, sai ta shigo ɗaki da fuska a ɗaure ta ce akwai maza tara a ƙofar gida, sun yi gaisuwa tun safe sun ƙi tafiya, wai suna neman wata fata. Ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake zuwa neman fata ranar sadakar uku ba. Na nuna mata ƙusar. Ta ɗauke ta da yatsu biyu ta kai musu.

Ba a yi rabin awa ba ta dawo da ita. Sun kasa karantawa. Kowa ya san ranar da ya roƙa, amma ba wanda ya san wa zai tsaya masa, kuma ba wanda ya san wace dabba ce shi. Gobe Juma'a da safe musayar za ta fara. Mai ɗaurin aure ya riga ya gaya wa danginsa yana zuwa.

Yayata ta ce mai takaba ba ta zance da maza. Aka aika wa liman, ya ce in akwai larura a saki labule ta yi magana daga ciki. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Ina jin su suna cire takalma, suna sake yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya da murya ƙasa-ƙasa. Yawancinsu ban taɓa ganinsu ba, amma na san su daga bakinsa. Abokin nan nasa da ya kawo mini labari ya ce in yi haƙuri da su, sun san ba lokacinsa ba ne, ko Malam ya taɓa gaya mini wani abu game da zanen.

Na ɗora fatar a cinyata. Na ce wanda ƙanensa zai yi aure a Jigawa, shi ne jimina. Wata murya ta ce, "Na'am," sannan ta ƙara, a hankali, cewa dama tun yana yaro ake masa maganar wuya. Na ce mutumin Nijar mai aiki a injin aske gashin fata shi ne ɓauna. Ya ce ya gode. Mai kai mahaifiyarsa asibiti shi ne dorina. Sai wani ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Mai gyaɗa shi ne gadu. Ya tambaya menene gadu, na kusa da shi ya raɗa masa cewa aladen daji ne, ya ce Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa. Abokinsa shi ne kura. Ya ce ya sani tun da ya ga haƙoran.

Na bi su har takwas. Saura dattijon da ke kula da gangunan jima, wanda ya girmi kowa a kamfanin, shi ne yake jan su salla a can. Saura kuma dabba ɗaya, zaune take da hannu a cikin kular abinci. Na ɗora yatsa a kanta. Na ji an miƙo hannu ta ƙasan labule, na tura fatar, na ji tana zagayawa daga hannu zuwa hannu.

"Gwaggon biri ke nan," in ji dattijon, da murya irin ta mai karanta sanarwa. "Ni ne. Ya taɓa kama ni ina ɗanɗana wakensa."

Ba wanda ya yi dariya a fili. Na ji wani ya tashi ya fita zaure da sauri, na ji kafaɗar yayata tana rawa a jikina, ta rufe baki da mayafi.

Sai na karanta musu bitar daga farko zuwa ƙarshe, yadda yake yi, har da wurin da yake tsayawa ya ja numfashi. Dorina ta ɗauki safiyar Juma'ar jimina. Kura ta riƙe wa kada Lahadi. Gada da bushiya su yi musayar dare da yamma. Jimina ta riƙe wa ɓauna Asabar, ɓauna ta tsaya a teburin kunkuru, gwaggon biri ya tsaya Lahadi. Wani yana rubutawa a bayan kwalin sabulu. Na gama, na zaci za su tashi.

Dattijon ya ce akwai sauran magana. Malam ya ce musu ranar Laraba zai raba aikin, wai akwai amsa ɗaya da yake jira, bai faɗa musu ta wa ba. Sun je ofis sun tambaya, ofis sun ce ba tasu ba ce. Ga da'ira nan ba komai a ciki, ga layi biyu. Shi a ganinsa, mamaci ya ɗaure abu da sharaɗi, ba za su kwance da son ransu ba. In amsar a'a ce, ba halak ɗinsu ba ne su ci hutun nan, kowa ya koma wurinsa. Jimina ya fara cewa ai yanzu duk ɗaya ne, dattijon ya ce masa ba ɗaya ba ne.

"Uwargida," ya ce, "ko kin san mai da'irar?"

Na ce ni ce.

Yayata ta juyo ta dube ni. Dattijon ya gyara murya ya ce to su ba za su matsa mini ba, amma gobe Juma'a.

Daga inda nake zaune ina hango bakin takalmin kambas ɗin a ƙarƙashin gado. Na ce, "Ku bi na sama. Amsar eh ce. Tun Litinin eh ce."

Suka ce Allah ya jiƙansa, suka shafa fatiha, suka sa takalmansu. Bayan sun fita yayata ta zauna a bakin gado ta ce a duk tarihin danginmu ba a taɓa samun mai takaba da ta tara maza tara ta sanar da su za ta je kallon giwa ba. Sannan ta yi kuka, ni ce ma nake ba ta haƙuri.

Musayar ta tafi yadda ya zana ta, ba wanda ya yi kuskure. Jimina ya je Jigawa ya aiko mini da goro da alawa. Ranar Asabar ofis sun riga sun sa sabon mutum a teburin maigidana, amma ɓauna ya ce shi an ce ya tsaya wa Malam, kuma zai tsaya. Abokinsa ya ba ni labari daga baya cewa su biyu suka wuni a wuri ɗaya, wannan ya ɗaga fata ya miƙa wa wancan, wancan ya duba ya mayar masa. Lahadi dattijon ya yi haka shi ma. Ƙanwar ƙawata ta zauna a buhuna ranar Asabar kamar yadda muka yi, ta ci gaba da zama har na gama takaba, sannan ta tashi ta ba ni wurina.

Abu ɗaya ne ba ya cikin fatar. Ranar Asabar ɗin bayan sallar Asuba, gari ya fara haske, muka ji hon ɗin babbar mota sau uku a bakin layi. Direban Bauchi ne. Yana hanya duk satin, wayarsa ta faɗa ruwa, bai ji komai ba. Ashe da shi aka shirya, zai koma ba kaya, mu zauna a gaba. Ɗan'uwan maigidana ya fita ya gaya masa. Ya shigo zaure ya yi gaisuwa, ya daɗe a zaune. Ya ce a faɗa mini ya wanke gaban motar da omo, ya fesa turare, ya shimfiɗa sabon bargo a kujera, domin Malam ya ce matarsa ba za ta shiga mota mai warin fata ba, ta sha wannan warin shekara ashirin da uku ya isa. Ya tambaya ko akwai saƙon da zai kai can. Ban san wa ake aika wa saƙo a dajin ba. Na ce a ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Bayan na fita takaba, dattijon da abokinsa suka zo suka ce sun yi shawara, in ina so za su haɗa wani tsarin, mutum biyu su raka ni da yayata. Sun gwada. Sun kai mutum huɗu abin ya warware, domin ba wanda ya san abin da kowa yake so kamar yadda shi ya sani. Na ce su bar shi. Na mayar wa tsohon mai gadi madubinsa. Liman bai sake maganar dorina ba. Kular tana nan da robarta, ban iya kwance ta ba, sai na sayi wata.

Fatar na mayar da ita ƙusarta. Wani lokaci in na dawo daga Sharaɗa nakan tsaya a gabanta ina gwada dabbobin da suka rage, barewa ko zomo ko kurciya, ko wata da zai zaɓa don ya ba ni haushi. Allinsa yana cikin aljihun rigar aikinsa, ban taɓa shi ba. Na faɗa wa maza tara amsata, shi ban faɗa masa ba. Ban je Yankari ba har yau, kuma da'irar nan ba komai a cikinta.